Yadda za ka zagaya kufan Labda ka karanta tarihinta a jikin duwatsu

Kimanin kilomita 120 gabas da Tarabulus, babban birnin Libiya, dab da garin Al-Khums, akwai kufan wani birni a bakin Bahar Rum. Larabawa suna kiransa Labda, littattafan tarihi kuma Leptis Magna. Finikiyawa ne suka kafa shi, Rumawa suka mulke shi, daga baya yashi ya binne shi shekaru aru-aru. Binnewar nan ce ta cece shi, domin da aka tone sai aka tarar da tituna, da kasuwa, da gidajen wanka, da tashar jiragen ruwa, kowanne a mazauninsa. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1982.

Yawancin masu zuwa sukan shiga, girman ginshiƙai ya ɗauke musu hankali, su ɗauki hotuna, su fita suna cewa Rumawa sun iya gini. Wannan rabin labari ne. Da yawa daga abin da ke tsaye a Labda 'ya'yan garin ne suka gina da kuɗinsu, mutane masu sunayen Finikiyawa, masu magana da harshen kakanninsu. Don ka ga haka da idonka, sai ka bi garin bisa jerin zamani, ba yadda ƙofar shiga ta jefa ka ba.

Mataki na farko: shiri, da sanin duwatsu uku

Libiya ba ƙasar da mutum zai saɓi jaka ya faɗa ba ce. Ka nemi biza ta halal, ka haɗa kai da kamfanin yawon buɗe ido mai rajista wanda zai ba ka ɗan jagora, ka kuma tambayi ofishin jakadanci halin tsaro kafin ka biya kuɗin jirgi. Saboda rikicin ƙasar ne UNESCO ta sa Labda cikin wuraren da ke cikin haɗari a 2016. Ka zaɓi tsakanin Oktoba da Afrilu, domin zafin bazara a kan fararen duwatsu ba ya barin mutum ya tsaya ya duba komai. Ka ware yini guda cur, ka isa da sassafe, da ruwa, da hula, da takalmi mai riƙe ƙafa.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci shi ne ka horar da idonka ya rarrabe duwatsu iri uku. Na farko dutsen yashi ne mai laushi, wanda ake haƙa a kusa. Iska na cinsa, don haka sai an yi masa shafe. Na biyu dutsen farar ƙasa ne mai tauri, launinsa tsakanin toka-toka da ruwan zuma, daga tsaunin Ras al-Hammam da ke kusa da garin; shi ne dutsen manyan gine-gine tun zamanin Kaisar Agustus, sarkin Rum. Na uku mabul ne, wanda babu shi a ƙasar sam, sai jirgi ya kawo daga Girka da yankin Turkiyya ta yau, tare da jan dutse mai tauri daga Aswan ta Masar. Mabul bai yawaita ba sai a ƙarni na 2 miladiyya. Idan ka riƙe wannan, kana iya tsayawa gaban bango ka ƙiyasta zamaninsa tun ɗan jagora bai buɗe baki ba. Inda ka ga mabul manne a kan farar ƙasa, tsohon gini ne aka yi wa sabuwar riga.

Mataki na biyu: wuce ƙofar farko, ka nufi teku

Abu na farko da zai tare ka shi ne wata katafariyar ƙofa mai baka huɗu, ta Kaisar Septimiyus Seberus. Ka daure ka wuce ta, za ka dawo. Sai dai ka ɗan duba wani dutsen alamar hanya da ke kusa da ita, na farkon mulkin Kaisar Tibariyas, wanda ya rubuta cewa an shata hanya mil 44 daga garin zuwa cikin ƙasa. Hanyar gonakin zaitun ke nan, kuma ta nan arzikin garin ke shigowa.

Bi babban titin da ya miƙe zuwa teku. Za ka ratsa ƙofar Kaisar Tarajan, wadda aka gina a 109 zuwa 110 lokacin da aka ɗaga darajar garin aka ba mutanensa 'yancin Rumawa, sannan ƙaramar ƙofar Tibariyas. Ka lura a daidai nan titin ya ɗan karkata. Karkatar tana nuna inda tsohon gari ya tsaya da inda sabbin unguwanni suka ɗora. Ci gaba har ka isa tsohon dandali, kusa da inda ƙoramar Wadi Labda ke shiga teku.

A nan Labda ta fara. Finikiyawa mutanen gaɓar Lebanon ta yau ne, na biranen Taya da Sidon, 'yan kasuwar teku da ke neman duk inda jirgi zai fake ya sami ruwan sha. Bakin wannan ƙorama ya ba su haka, kuma abubuwan da aka tono ƙarƙashin tsohon dandali sun kai ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga baya garin ya shiga ƙarƙashin Kartaj, babban birnin Finikiyawa da ke Tunisiya ta yau. Rumawa sun rusa Kartaj a 146 kafin miladiyya, a 111 kuma Labda ta ƙulla ƙawance da Rum. Ba da yaƙi aka ci ta ba, shi ya sa ta ci gaba da naɗa alƙalanta biyu irin na Finikiyawa, da rubuta harshenta a kan gine-ginen hukuma.

Kada ka sa ran ganin ginin Finikiyawa a tsaye, suna ƙarƙashin ƙafarka. Abin da za ka gani tushen ɗakunan bauta ne jere a gefe guda na dandalin. Gumakan garin biyu ne tun asali, Shadrafa da Milkashtart, Rumawa suka daidaita su da nasu, Liber Pater da Harkulis. Ka riƙe waɗannan biyun, za ka sake haɗuwa da su. Ɗakin bautar da aka keɓe wa Rum da Agustus ma, rubutun da ke bisa ƙofarsa da harshen Finikiyawa aka yi shi.

Mataki na uku: kasuwa

Juyo ka koma ta titin da ka biyo, ka shiga kasuwa. A ganina nan ne ya fi cancanta ka ɓata lokaci. Wani attajiri ɗan gari, Annobal Tapapiyus Rufus, shi ya gina ta a shekara ta 9 zuwa 8 kafin miladiyya. Fili ne mai katanga, a tsakiyarsa rumfuna biyu masu kusurwa takwas, kowace da zagayayyen ɗaki a ciki, da kantocin dutse tsakanin ginshiƙai inda ake baje haja. Duba ƙafafun teburan, wasu an sassaƙa su da siffar dabbobin ruwa.

Nemi dutsen awo. Allo ne da aka zana masa ma'auni uku, ɗaya bisa ɗaya, kowanne an rarraba shi da ƙananan tsage: kamun Finikiyawa mai kimanin santimita 51 da rabi, ƙafar Rumawa mai ɗan kasa da santimita 30, da kamun Iskandariyya ta Masar mai kimanin 52 da rabi. Ɗora hannunka kusa da shi, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ka gwada. Mai sayen yadi daga Masar, da sojan Rum, da ɗan gari, kowa na da awon da ya sani, hukuma kuwa ba ta soke na kowa ba, ta jera su a wuri guda don kada a cuci baƙo. Akwai kuma teburan dutse masu ramuka na awon hatsi da mai. Aikinsu ɗaya da mudun sarkin kasuwa: idan gardama ta tashi, nan ake zuwa a raba ta.

Kafin ka fita, duba wani ɗan ƙaramin gini mai baka huɗu da aka sassaƙa wa jiragen ruwa. An sadaukar da shi ga wani mai suna Porfiriyus, saboda ya ba garin kyautar namun daji masu haure guda huɗu da ransu, waɗanda masana ke ɗauka giwaye ne.

Mataki na huɗu: gidan wasan kwaikwayo, da rubutun da ke bisa ƙofa

Tafiya kaɗan yamma da kasuwa za ka iske gidan wasan kwaikwayo, wanda Annobal ɗin nan ya gina a shekara ta 1 zuwa 2 miladiyya, a kan wata tsohuwar maƙabartar Finikiyawa. Kada ka yi saurin hawa sama. Tsaya ƙasa tukuna ka ɗaga kai ka dubi rubutun da ke bisa ƙofofin gefen dandamali.

Layukan sama da Latin ne, manyan haruffa masu kusurwa, daga hagu zuwa dama. Sun fara da Kaisar Agustus da muƙamansa, sannan Annobal, wanda aka kira mai ƙawata ƙasarsa, mai son haɗin kai, ɗan Himilko, wanda ya yi aikin da kuɗin aljihunsa. Layukan ƙasa da harshen Finikiyawa ne, haruffa masu lanƙwasa, daga dama zuwa hagu kamar Larabci, harsunan biyu ma dangi ne. A wannan ɓangaren babu sunan Kaisar. Da Annobal aka fara. Mutum ɗaya ne yake magana da masu mulki da harshensu, yake kuma magana da 'yan'uwansa da nasu, kuma ya san abin da kowane ɓangare ke son ji.

Yanzu hau. Kujerun ƙasa a jikin tudu aka sare su, na sama kuma a kan ciko aka ɗora su. A can ƙoli akwai tushen wani ƙaramin ɗakin bauta da wata mace 'yar gari, Sufunibal, ta biya kuɗinsa a 35 zuwa 36. Zauna a layin ƙarshe ka dubi dandamali: ginshiƙan mabul da ke bayansa ƙari ne na tsakiyar ƙarni na 2, kujerar da kake kai kuwa farar ƙasa ce ta zamanin Annobal. Ga duwatsunka biyu a waje guda, teku kuma na bayansu.

Daga ina duk wannan kuɗi? Kaso mafi girma daga man zaitun ne. Tsaunukan da ke kudu da garin, wajen Tarhuna, har yau cike suke da ragowar matsen zaitun na dutse. Sai kuma fataucin Sahara ta hannun Garamantawa, mutanen Fezzan masu hedikwata a Jarma, waɗanda ta wajensu hauren giwa da namun daji ke isowa gaɓar teku. Zaman ba kullum lafiya ba: a wajen shekara ta 69 zuwa 70 rikicin iyaka ya ɓarke tsakanin Labda da Oya, wato Tarabulus ta yau, mutanen Oya suka gayyato Garamantawa, sai da rundunar Rum ta zo ta kore su. Bayan haka ne wani mutum mai suna Yuliyus Maternus ya tashi daga Labda, ya bi sarkin Garamantawa tafiyar wata huɗu kudu, har wata ƙasa da ake kira Agisimba mai yawan karkanda. Wasu masana suna sanya ta a wajen Tafkin Chadi, wasu a tsaunukan arewa da shi.

Mataki na biyar: gidan wankan Hadiriyan

A nan zamanin mabul ya fara. Sai da aka jawo ruwa daga Wadi Ka'am a 119 zuwa 120, da kuɗin wani attajirin garin, sannan aka iya gina wannan gidan wanka a zamanin Kaisar Hadiriyan. Ka bi shi yadda mai wanka ke bi, daga arewa zuwa kudu: filin motsa jiki, buɗaɗɗen tafkin ninƙaya, babban zauren ruwan sanyi, ɗaki mai ɗumi, sannan ɗakin zafi, wanda aka sa a kudu don ya sha rana. Abin da ke dama shi ke hagu, ginin kamar an ninka shi biyu. Inda daɓe ya fashe, leƙa ƙasa: a kan gajerun ginshiƙan bulo yake zaune, zafin wutar da ake hurawa daga waje yana ratsawa ƙarƙashinsa, ya hau ta bututun yumɓu a cikin bango.

Kada kunya ta hana ka shiga makewayin. Dogon benci ne na mabul mai ramuka a jere, ruwa na gudu a ƙarƙashi yana kwashe ƙazanta, ga kuma wata 'yar kwata ta ruwa mai tsabta a gaban ƙafafu.

Mataki na shida: abin da ɗan gari ya yi da ya zama Kaisar

An haifi Septimiyus Seberus a Labda a 145. Ya hau gadon mulkin Rum a 193, ya rasu a 211 a birnin York na Ingila. Marubutan zamanin da sun ce har ya tsufa harshensa bai rabu da karin Afirka ba. Da mulki ya zo hannunsa, ya yafe wa garinsu harajin ƙasa, ya kuma sa aka shata sabuwar unguwa a gefen ƙorama, bayan an kare ta da madatsar ruwa da ke karkatar da ambaliya.

Daga gidan wanka ka fita zuwa wani fili inda za ka ga babban bango mai lanƙwasa, mai gurabun gumaka. Maɓuɓɓugar ruwa ce ta ado. An dasa ta a nan ne don ta rufe gwiwar da titi ya yi. Daga gabanta wani faffaɗan titi mai ginshiƙai dama da hagu ya miƙe kimanin mita 400 zuwa tashar jiragen ruwa.

Shiga sabon dandali ta hagunka. Tsawonsa kusan mita 100 ne, faɗinsa 60, dogon bango ya kewaye shi. Zai yi maka kama da juji na manyan duwatsu, don haka ka nemi abu uku. Na ɗaya, kawunan Medusa, wata dodanniyar tatsuniyar Girkawa mai gashin macizai, da aka jera a gefe. Da can suna sama ne, tsakanin baka da baka. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, fuskokin ba iri ɗaya ba ne, hannuwa daban-daban suka sassaƙa su. Na biyu, yadda aka ɗora baka kai tsaye a kan ginshiƙi maimakon shimfiɗa miƙaƙƙen dutse, salon da bai yawaita ba a lokacin, daga baya kuma ya cika coci-coci da masallatai. Na uku shi ne wanda ya fi burge ni. Filin da aka ba maginin ba murabba'i ba ne, a karkace yake. Sai ya saka jerin shaguna tsakanin dandali da zauren shari'a, masu zurfi a gefe guda, suna tsukewa har ɗaya gefen. Karkatar duka ta ɓace a cikin shagunan, wanda ke tsaye a dandali ko a zaure ba zai taɓa jin wani abu ya goce ba.

Zauren shari'ar kuwa, Karakala ɗan Seberus ne ya kammala shi a 216. Dogon zaure ne mai lanƙwasa a ƙarshensa biyu, da ginshiƙan jan dutsen Aswan hawa biyu. Je ka tsaya gaban dogayen allunan mabul da ke gefen lanƙwasar. An sassaƙa su da zurfi har ganyen inabi ya rabu da jikin dutse, inuwa ta shiga bayansa. A gefe ɗaya ayyukan Harkulis ne, a ɗayan Liber Pater da kurangar inabinsa. Gumakan tsohon dandali ke nan, Milkashtart da Shadrafa, bayan shekara ɗari biyu da wani abu.

Sai yanzu za ka koma wa ƙofar nan mai baka huɗu, ko da a hanyar fita ne. An gina ta wajen 203 a mahaɗar manyan hanyoyi biyu, cikinta farar ƙasa, rigarta mabul. A ɗaya daga cikin allunan sama Seberus na riƙe da hannun Karakala, ƙaninsa Geta na tsakani, uwarsu Juliya Domna na kallo. An yi hoton ne don a nuna gidan sarauta a haɗe yake. Seberus bai shekara da rasuwa ba Karakala ya sa aka kashe Geta.

Duk da kyawun wannan unguwa, na fi ganin lafiyar gari a kasuwar Annobal. Kasuwa da gidan wasa arzikin garin ne ya gina su daidai ƙarfinsa. Na Seberus daga baitulmalin daula suka zo, da gidansa ya faɗi a 235 kuwa, aka bar garin da kayan da suka fi ƙarfin aljihunsa.

Mataki na bakwai: tashar jiragen ruwa da faɗuwar gari

Bi titin ginshiƙai har ƙarshe. Inda jirage ke tsayawa da, yanzu ciyawa ce da yashi. Zagaya gefen gabas ka ga matakalai, da ɗakunan ajiya, da duwatsu masu huda na ɗaure jirgi. A bakin mashiga kuma ga tushen hasumiyar fitila. Dubi hudojin nan da kyau, igiya ba ta ci su sosai ba. Faɗaɗa tashar da aka yi ya sa laka ta riƙa taruwa, ba ta daɗe tana aiki ba ta cushe.

Daga nan abubuwa suka bi juna. A wajen 363 ƙabilar Austuriyawa ta fara kai hari gonakin garin. Mutanen Labda suka kai kuka ga kwamandan Rum na Afirka, Romanus, ya ce ba zai motsa ba sai an ba shi guzuri da raƙuma 4,000. Ya yi kwana 40 a wurin ya juya. Madatsar ruwa ta lalace, ambaliya ta riƙa shigo da laka cikin tituna. Bandalawa, wata ƙabila daga Turai, suka karɓi yankin a ƙarni na 5, Rumawan Gabas suka ƙwace a 533. Ganuwar da Kaisar Jastiniyan ya yi, wadda ka ratsa ƙofarta kusa da tsohon dandali, ɗan yanki kawai ta kewaye, kuma da duwatsun tsofaffin gine-gine aka yi ta. Za ka ga rubutu a kife a jikin bango. Shi ne kuma ya mai da zauren shari'ar Seberus coci. Lokacin da rundunar Amru ɗan Asi ta iso yankin a wajen 643, Labda ta riga ta zama ƙaramin gari.

Mataki na takwas: bayan gari, da abin da ba ya nan

Idan da sauran rana, ka sa a kai ka gabas da tashar, inda filin wasa mai zagaye yake. An gama shi a 56, zamanin Kaisar Niro, kuma ba a ɗaga shi sama ba, a cikin tudu aka haƙa shi, yana ɗaukar mutum kimanin 16,000. Tsakaninsa da teku filin tseren keken doki ne na shekarar 162. A yamma kuma, bakin ruwa, akwai ƙaramin gidan wanka da ake kira na mafarauta, wanda yashi ya adana har ƙubbobinsa na kankare, da zanen farautar damisa a bangon ciki. Sau da yawa a kulle yake, ka roƙi ɗan jagora tun da safe ya nemi mai makulli.

Za ka lura da gurabun ginshiƙai da yawa babu ginshiƙan. A ƙarshen ƙarni na 17 jakadan Faransa a Tarabulus, Claude Lemaire, ya yi ta lodinsu a jirgi zuwa ƙasarsu. A 1816 zuwa 1817 kuma jakadan Ingila, Hanmer Warrington, ya sami iznin Yusuf Karamanli, mai mulkin Tarabulus, aka kwashi wasu, suna nan tsaye a Virginia Water kusa da fadar Windsor. Warrington ɗin nan shi ne ya shirya wa su Clapperton, Turawan Ingila masu yawon bincike, tafiyar da ta tashi daga Tarabulus a 1822, ta kai su Borno, ta kai Clapperton Kano da Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824. Tonon gaske Italiyawa ne suka yi shi daga shekarun 1920, su ne kuma suka fara tayar da yawancin abin da ka gani a tsaye.

Allunan ƙofar Seberus na asali da manyan gumakan garin an kai su gidan tarihi na Saraya al-Hamra a Tarabulus, wasu kayan kuma suna gidan tarihin da ke bakin ƙofar Labda. Ka sa kamfanin da ya ɗauke ka ya tabbatar maka ko a buɗe suke kafin ranar tafiya, ka kuma ware wa na Tarabulus rabin yini bayan ka ga kufan, ba kafinsa ba, don ka san gurbin da kowane dutse ya fito.